Namijin Ƙoƙari: Tsokaci a Kan Wasa, Kishi da Jagoranci

Idan Bahaushe ya ga an ɗauko aiki mai wuya an kai shi gaci, yabon da ya fi saurin zuwa bakinsa shi ne, "An yi namijin ƙoƙari." Ba ya duba wanda ya yi aikin kafin ya faɗa. Ungozomar da ta kwana a tsaye kan mai naƙuda har aka sauka lafiya, namijin ƙoƙari ta yi. Matar da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, ta riƙe su da kuɗin ƙosai har suka gama makaranta, ita ma namijin ƙoƙari ta yi. Ba a taɓa jin an ce "macen ƙoƙari" ba, in kuwa aka faɗa, raini za a ɗauke shi. Harshe ya riga ya raba gado. Ƙwazo da juriya da tsayuwa gaban wuya ya ba maza, duk macen da ta zo da su kuwa, a wurinsa aro ta yi.

Ban ɗauki wannan a matsayin mugunta daga kakanninmu ba. A zamaninsu wuyar da ake gani a fili ta maza ce: yaƙi, farauta, fatauci, saran daji. Wuyar mata tana bayan zaure inda ido ba ya kaiwa, abin da ido bai gani ba kuwa baki bai cika yi masa kirari ba. Sai dai kalma ba ta mutuwa tare da zamanin da ya haife ta. Tana nan tana aiki a cikin kawunanmu, tana zana mana kamannin wanda ya dace da kujera tun kafin a buɗe takardun masu nema. Shi ya sa nake son in bi sawun wasu kalmomi, wasa da gasa da kishi da jagoranci, tun daga filin da maza ke gumi don nishaɗi har zuwa ɗakin da ake yanke shawara kan dukiyar kamfani. Na yi imani hanya ɗaya ce ta haɗa wuraren nan biyu.

A fara da wasa. A bakinmu wasa shi ne abin da ba gaske ba, har "da wasa nake" ta zama hanyar janye magana in ta yi zafi. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin filin makarantar firamare da safiyar Asabar, inda magidanta ke buga ƙwallo, ya san wasan maza ba ya rabuwa da gaske. Malamin makaranta ne da direba da mai shagon kayan masarufi da ma'aikacin banki. Babu kofi, babu lada, babu ɗan jarida. Duk da haka za a yi musu kan bugun fenareti har jijiyar wuya ta tashi, kuma mai shekara hamsin zai bi ɗan ashirin da gudu har ya gurɗe, don kada a ce an wuce shi. A gindin bishiya ma haka abin yake: dattijai biyu kan dara, an ci ɗaya, ya hana a tashi sai an sake. Abin da ake nema a nan ba ya shiga aljihu. Suna ne, da kuma gudun "a ce".

Dambe ya fi kowane wasa faɗin gaskiya a kan wannan. Asalinsa wasan mahauta ne, suna yawo gari-gari da kaka bayan an kawar da amfanin gona, kuma kalmominsa duk na fagen fama ne. Wanda ya kai abokin karonsa ƙasa, an ce ya kashe shi. In an yi turmi uku ba wanda ya faɗi, sai a ce babu kisa. Makaɗi na gefe yana zuga, yana tuna wa ɗan dambe waɗanda ya kayar da waɗanda suka rage, kamar yadda Ɗan Anace ya yi wa Shago har sunansa ya wuce zamaninsa. A Nijar kuwa kokawa ta zama abin da ƙasa baki ɗaya ke tsayawa ta kalla, jihohi takwas suna neman takobi ɗaya.

Ina ganin kyan wannan, ba na kuma so a raina shi. A irin wannan fage yaro ke koyon cewa faɗuwa ba ƙarshen duniya ba ce, tunda wanda aka kashe yau zai tashi ya karkaɗe ƙura ya dawo gobe. A nan yake koyon fitowa gaban jama'a ya ce "ga ni", ya ɗauki duk abin da ya biyo baya. A nan yake gane cewa abokin karo ba maƙiyi ba ne, ana gama turmi ana iya cin tuwo a akushi ɗaya. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma al'ummar da ba ta da fagen gwaji ba za ta san gwanayenta ba. Tambayata ita ce, me son gasa yake gaya mana game da mutum, me kuma yake ɓoyewa?

Gudun fanfalaki wuri ne mai kyau na neman amsa, domin akasarin masu yin sa ba sana'arsu ba ce. Likitoci ne da akawu da 'yan fansho da suka ɗora wa kansu cin kilomita 42. Robert Deaner da abokan aikinsa sun duba sakamakon tsere 14 da aka yi a Amurka a 2011, na mutum sama da 90,000, suka wallafa abin da suka gani a 2015. Kusan kowa yakan rage sauri a rabin tafiya na biyu, amma maza sun rage da kashi 15.6 cikin 100, mata kuwa da kashi 11.7. A cikin waɗanda ƙarfinsu ya ƙare sarai har suka koma jan ƙafa, maza sun fi yawa nesa ba kusa ba. Masu binciken sun yarda cewa bambancin jikin namiji da na mace yana da nasa kason. Amma akwai kuma shawarar da mutum ya yanke tun farkon tsere. Namiji yakan fita da saurin da yake fatan yana da shi, ba wanda yake da shi ba. Ya ga wani ya wuce shi, zuciya ta ɗebe shi, ya bi. Hausawa sun riga sun gama magana: sauri ya haifi nawa.

Wasu masana tattalin arziki biyu, Muriel Niederle da Lise Vesterlund, sun ɗauko tambayar daga kan titi suka kai ta cikin aji a Jami'ar Pittsburgh, suka bayyana sakamakon a 2007. Sun zaunar da ɗalibai huɗu-huɗu, maza biyu mata biyu, suka ba su lissafin tara lambobi na minti biyar. Maza da mata suka yi kunnen doki a iya lissafin. Daga nan aka ba kowa zaɓi: ko a biya ka santi 50 kan kowace amsa daidai, ko ka shiga gasa inda wanda ya fi kowa a rukunin zai karɓi dala 2 kan kowace amsa, saura su tashi hannu rabbana. Kashi 73 cikin 100 na mazan suka zaɓi gasa, mata kuwa kashi 35 kacal. Da aka tambaye su matsayin da suke zaton sun samu, maza uku cikin huɗu suka ce su ne na ɗaya, alhali a rukunin mutum huɗu na ɗaya guda ne. Asara biyu aka yi a ɗakin nan. Mata gwanaye da za su ci sun ja da baya, maza masu rauni da ba za su ci ba sun kutsa kai.

In aka shiga kasuwa da wannan hali, kuɗi yake ci. Brad Barber da Terrance Odean sun bi asusun hannun jari na gidaje sama da 35,000 a Amurka daga 1991 zuwa 1997, suka tarar maza sun fi mata yawan saye da sayarwa da kashi 45 cikin 100, kuma wannan yawan motsi ya fi zaftare ribarsu fiye da ta matan. Wato yarda da kai da iyawa abubuwa biyu ne daban, ko da yake daga nesa suna kama da juna. Mai ɗaga hannu da wuri ba lalle ne shi ya fi sanin amsa ba. Garaje ba ƙarfi ba ne.

Wani zai ce, to ai haka Allah ya halicce su, namiji da zafin nema, mace da sanyin hali, me ya yi saura? Wannan magana ta sa Uri Gneezy da Kenneth Leonard da John List suka tafi wurin al'ummu biyu da suka yi hannun riga a tsarin zama. Ɗaya Masai ne, makiyayan Tanzaniya, inda dukiya da magana duk a hannun maza suke. Ɗaya kuma Khasi ne na jihar Meghalaya a arewa maso gabashin Indiya, inda ake lissafin dangi ta wajen uwa, autar mata ke gadon gida, miji kuma shi ke tarewa a gidan matarsa. Wasa ɗaya aka ba su: jefa ƙwallon tanis cikin bokiti sau goma, tare da zaɓin a biya ka daidai abin da ka ci, ko ka kara da wani a ninka maka sau uku in ka fi shi. A wurin Masai rabin maza suka zaɓi karo, mata kashi 26 cikin 100. A wurin Khasi sai lissafi ya juye, mata kashi 54, maza kashi 39. An wallafa wannan a 2009. Ba ya nufin halitta ba ta da hannu ko kaɗan, amma ya nuna cewa reno da tsarin gida suna iya kunna son gasa a zuciyar mace, suna kuma iya kashe shi.

Mu ma a nan ba baƙin wannan sani ba ne, kalmar kishi ce shaida. Bahaushe bai taɓa yarda cewa mace ba ta gasa ba. Shi ne ya ce kishi kumallon mata, shi ne kuma ya raɗa wa abokiyar zama suna kishiya. Amma a dubi inda kalmar take zuwa in ta bar tsakar gida. Kishin ƙasa, kishin addini, kishin al'umma, kishin zuci: duk yabo ne, kuma da an ambace su hoton namiji ke fara zuwa a zuciya. Wuta ɗaya ce, wato ƙin yarda a fi ka da ƙin ganin naka a baya. A wurin namiji an buɗe mata fili mai faɗi, an kira ta nagarta. A wurin mace an killace ta a tsakanin ɗakuna biyu, an taƙaita abin da za ta nema ga fuskar mutum ɗaya, sannan an kira ta ciwo. Yaron da ya ce shi ne zai zo na ɗaya, mai zuciya ne. Yarinyar da ta faɗi haka, rawar kai gare ta, idonta ya buɗe da yawa. Kunya ado ce ga namiji da mace, ba na kuma fatan ranar da za mu rasa ta. Amma kunya dabam, binne baiwa dabam, kuma mun daɗe muna koya wa 'ya'yanmu mata na biyun da sunan na farkon.

Duk da wannan killacewa, matan Hausa ba su zauna hannu sake ba. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta nuna yadda kasuwa guda take gudana daga cikin gidaje ba tare da rumfa ko ɗaya ba: mata suna saye da sayar da hatsi da mai da dafaffen abinci, yara suna kai da kawowa. Har yau haka ne a kowace unguwa. A dubi uwar adashi. Kuɗin mata ashirin ko talatin yana bi ta hannunta mako bayan mako, ba takarda ba sa hannu. Ita ta san wadda za a ba kwasar farko saboda bikin 'yarta ya matso, ita ta san wadda za a lallaɓa in zubi ya gagare ta, ita ke cikewa daga aljihunta don kada amana ta karye. Tattara jari ne wannan, da auna wanda za a ba bashi, da sasanta masu haƙƙi, ayyukan da ake biyan manajan banki albashi mai tsoka a kansu. A addini ma ba mu rasa madubi ba. Nana Khadija, Allah ya ƙara mata yarda, attajira ce mai tura dukiyarta fatauci Sham tana ɗaukar maza aiki, ta nan ta san amanar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. An kuma ruwaito cewa ya yi tseren gudu da Nana A'isha ta wuce shi, bayan wasu shekaru suka sake ya wuce ta. Bai ga aibi a matarsa ta so cin tsere ba.

To in iyawa tana nan, son nasara ma yana nan, me ya tsare hanya? Wani ɓangare na amsar yana filin wasan da muka fara da shi, domin filin ba wurin gumi kaɗai ba ne, wurin ƙulla sanayya ne, kuma ƙofarsa ta daɗe a rufe. A 1967 Kathrine Switzer ta yi rajistar gudun fanfalaki na Boston da haruffan farko na sunanta, aka ba ta lamba 261. Tana cikin gudu wani jami'in tseren, Jock Semple, ya biyo ta ya kai hannu zai yage lambar daga rigarta. Ta kuɓuce masa ta ƙarasa tseren. Sai a 1972 aka yarda mata su shiga a hukumance, sai kuma a 1984 aka fara gudun fanfalakin mata a gasar Olamfik, saboda an daɗe ana cewa jikin mace ba zai ɗauki wannan nisa ba.

Labarin kulob ɗin golf na Augusta a jihar Georgia ya fi nuna inda wasa da kasuwanci suka haɗu. Nan ne matattarar manyan attajirai da shugabannin kamfanonin Amurka, kuma bai karɓi mace a matsayin mamba ba sai watan Agustan 2012, kimanin shekara 80 da kafa shi, lokacin da aka shigar da Condoleezza Rice da Darla Moore. A farkon shekarar 2012 ɗin Virginia Rometty ta zama shugabar IBM, kamfanin da ke cikin masu ɗaukar nauyin babbar gasar kulob ɗin, wanda kuma aka saba ba shugabanninsa kujerar mamba. Da aka zo gasar watan Afrilu, sai ga shugabar kamfanin baƙuwa a wurin da magabatanta suke 'yan gida. Mu ma muna da namu wuraren: filayen ƙwallon dawaki na Katsina da Kano da Kaduna, da majalisar ƙofar gida bayan sallar isha'i. A can ake jin ƙishin-ƙishin ɗin kwangila, a can babba ke ganin yaro ya ce wannan zai yi, a can ake cewa "ai na san shi." Ba kira nake mata su je su zauna a majalisar maza ba. Cewa nake kada kamfani ya bari majalisa ta zaɓar masa shugaba, sannan ya kira abin da ya fito cancanta.

Ragowar amsar tana cikin yadda ake hawa matakala a wurin aiki. Wa ake ƙara wa girma? Wanda ya nema da bakinsa, wanda ya yi magana da ƙarfi a taro, wanda ya ce "ni na yi" a kan aikin da mutum goma suka yi, wanda ya yi alƙawarin riba mai yawa ba tare da muryarsa ta yi rawa ba. Duk waɗannan halayen mai son gasa ne, kuma mun ga ba su ne iyawa ba. Aikin da ke jiransa a kan kujerar kuwa wani abu ne dabam. Kalmar jagora kanta daga jan gora ta fito, wato mai riƙe wa makaho sanda, wanda dole tafiyarsa ta daidaita da ta na bayansa. Fatakenmu na da sun san wannan sarai. Ayarin da zai tashi daga Kano zuwa Gwanja neman goro yakan yi watanni a hanya, da ɗaruruwan mutane da jakuna, kuma kowa ya dogara ga madugu uban tafiya. Shi ke zaɓen hanya da zango, shi ke ciniki da sarakunan da za a ratsa ƙasarsu kan kuɗin wucewa, shi ke raba rigima, shi ke auna tafiyar yini da ƙarfin dabbar da ta fi gajiya. Madugun da ya isa Gwanja shi kaɗai bai ci tsere ba, ayari ya hallaka. Shugabancin kamfani aikin madugu ne, amma mun bar zaɓensa a hannun ƙa'idojin tsere.

Ba cewa nake mace ta fi namiji iya shugabanci don kawai ita mace ce ba. Wannan kuskuren farko ne aka juya masa riga. Akwai mata masu garaje, akwai maza masu haƙuri da hangen nesa, kuma waɗannan mazan ma ma'aunin nan yana cutar da su. Kowa ya san ma'aikaci mai natsuwa wanda ofis ya dogara a kansa shekara da shekaru, ana ta tsallake shi ana ɗaga masu baki. Gyaran ma'auni ba alfarma ba ce ga mata. Ceto ne ga duk wanda iyawarsa ta fi muryarsa ƙarfi, sai dai mata sun fi yawa a cikinsu saboda yadda muka rene su.

Alƙaluma sun nuna jinkirin tafiyar. A jerin manyan kamfanoni 500 na Amurka da mujallar Fortune ke fitarwa, Katharine Graham ta jaridar Washington Post ce mace ta farko da ta shugabanci ɗaya daga ciki, a 1972. Sai a 2023 adadin mata masu irin wannan kujera ya haura kashi 10 cikin 100. Ƙasar Norway ta gaji da jira, ta yi doka a 2003 cewa kowane jinsi ya samu aƙalla kashi 40 cikin 100 na kujerun hukumar daraktoci a kamfanonin da ke sayar da hannun jari ga jama'a, ta kuma tilasta ta a 2008 da barazanar rushe duk kamfanin da ya ƙi. An yi ta cewa ba za a samu matan da suka cancanta ba. Binciken Marianne Bertrand da abokan aikinta ya nuna akasin haka: matan da aka naɗa bayan dokar sun fi waɗanda suka gabace su ilimi da gogewa. Amma binciken ya kuma nuna iyakar doka, domin alherin bai gangaro sosai ga matan da ke ƙananan matakai a kamfanonin ba, wasu kamfanoni ma sun sauya rajistarsu don su kauce mata. Doka tana iya buɗe ƙofar sama, amma ba ita ke gyara matakalar da ake bi a kai can ba.

A Najeriya, a 2012 lokacin da Sanusi Lamido Sanusi yake Gwamnan Babban Banki, bankuna suka amince da burin mata su riƙe kashi 30 cikin 100 na kujerun daraktoci da kashi 40 na manyan muƙaman gudanarwa. Ba a cim ma burin a kan lokaci ba, amma irin da aka shuka ya tsiro. Halima Buba ta zama manajar darakta ta bankin SunTrust a 2020, Nneka Onyeali-Ikpe ta karɓi Fidelity a 2021, Miriam Olusanya ita ma ta karɓi GTBank a 2021, Adaora Umeoji kuma ta hau kujerar Zenith a 2024. Babu ɗayansu da ta faɗo daga sama. Sun yi shekaru masu yawa a cikin aikin, abin da ya sauya shi ne an fara kallon inda a da ba a kallo. Duk wanda ya duba sunayen zai kuma lura cewa 'ya'yanmu na Arewa ba su da yawa a ciki, dalilin kuwa yana can baya, a ajin da aka cire yarinya kafin ta gama, da filin wasan makarantar da ba a ware mata ko da awa ɗaya ba.

In irin waɗannan mata suka kai, kirarin da muke musu shi ne kallabi tsakanin rawuna. Yabo ne, kuma da zuciya ɗaya ake yin sa. Amma a saurari lissafin da ke ciki: kallabi ɗaya, rawuna da yawa. Kirarin yana da daɗi ne saboda abin ba safai ba, kuma macen da ke ɗauke da shi ta san nauyinsa. In ta yi kuskure, mata ne suka kasa. In ta yi magana da ƙarfi, ta fiye zafi. In ta yi shiru, ba ta iya ba. Namijin da ke gefenta kuskurensa nasa ne shi kaɗai. Ba za ta samu sararin yin aiki a matsayin ita kanta ba sai ranar da ta waiwaya ta ga wasu kallaban a teburin.

Abin da nake fata ba shi da wuyar faɗa. Maza su ci gaba da gumi a fili, su yi musun fenareti, su kai juna ƙasa su tashi su gaisa, domin akwai tarbiyya a cikin wannan. A ba 'yan mata nasu fagen cikin sutura da mutunci, a makaranta da unguwa, su ma su ɗanɗana ci da faɗuwa tun suna ƙanana, kuma in yarinya ta ce tana son ta fi kowa, uba ya ce mata Allah ya ba da sa'a kamar yadda zai ce wa ɗan'uwanta. Amma ranar da za a zaɓi wanda zai riƙe dukiyar mutane da abincin ma'aikata, a ajiye tambayar wa ya fi son kujerar. A tambaya: su wa suka girma a ƙarƙashin wannan mutum? Wace amana aka ba shi ya mayar cikakkiya? Yaushe ya ga riba ya ƙyale ta saboda hatsarin da ke bayanta? In abu ya ɓaci, wa yake ɗora wa laifi? A rubuta amsoshin kafin a ji muryar kowa, a kuma nemi sunaye daga wajen waɗanda aka saba zama da su. Kamfanin da ya yi haka da gaske zai tarar mata sun ƙaru a hukumarsa ba tare da ya yi wa kowa alfarma ba, domin tun can suna nan suna aikin, tambayar da za ta fito da su ce ba a yi ba.